Sawun Wuƙa a Tumbin Kifi

Tun da na dawo daga Maleshiya ba ni da sakat. A masallaci, a teburin mai shayi, har a layin shan mai, sai in ji an dafa kafaɗata: "Furofesan kifi, ya ƙasar masu cin shinkafa da sassafe? Ba mu labari mana." In na ce lafiya lau, a ce ina rowar labari. In na fara, a katse ni da tambayar ko gaskiya ne mata ke tuƙa babur a can. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma in faɗa muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ɗanladi, mutumin Yawuri, ina koyar da kiwon kifi a wata kwalejin aikin gona. Mahaifina masunci ne, ya fi shekara hamsin a kan kogin Kwara kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. An ba ni tallafin karatu da hutun aiki na shekara biyu cif, bisa sharaɗin in dawo da digiri na biyu, ba ƙarin ko wata ɗaya. Aikin da aka yanka mini shi ne in gano abin da wani kifin bakin teku yake ci. Sunansa siakap.

Ranar da na nuna wa Baba hotonsa, ya kai wayar dab da idonsa ya ce, "Wannan ai giwan ruwa ne."

"Ɗan'uwansa ne, Baba. Na ruwan gishiri."

"Ikon Allah. To namu dai na san cimarsa, karfasa ce da kawara, in yunwa ta matsa har 'ya'yansa yake haɗiyewa. Kai kuma je ka leƙo mini cikin na gishirin, ka zo ka faɗa mini. Ina so in ji kafin in mutu."

Na yi dariya, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya sa aka ƙunshe mini bandar giwan ruwa guda biyu, wai in kwatanta ɗanɗano in na je.

Hanya ta fara nuna mini halinta tun kafin Kontagora, inda tayarmu ta fashe, direba kuma ya ce safayar tana gida. Na isa Abuja da ƙura har cikin kunne. A Dubai na bi wani ayari na mutane masu farin kaya ina zaton 'yan jirginmu ne, ashe masu Umara ne, saura kaɗan in tafi Jidda. Da muka sauka Kuala Lumpur aka ware mu ɗalibai, aka zaunar da mu a wani ɗaki mai sanyi kamar firiji, wai sai wakilin makaranta ya zo ya sa hannu. Awa shida ina rawar ɗari cikin babbar riga. Wurin duba kaya wata jami'a mai ɗan hijabi ta buɗe ƙullin daddawata, na sunkuyar da kai ina jiran ta toshe hanci. Sai ta shinshina ta yi murmushi, ta ce ai suna da wadda ta fi wannan wari, da jatan lande ake yin ta. Ta mayar mini da daddawa, ta riƙe bandar Baba, ta ce kifi ba ya shiga sai da takarda. Ina kallo aka jefa ta a kwando.

Masauki na samu a unguwar Danau Kota, hawa na ashirin da ɗaya, ni da ban taɓa kwana a bene ba. Abokin zaman da na tarar a ɗakin shi ne Nasiru, Bakano, yana karatun kwamfuta, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya koya mini zaman garin: takalmi a bakin ƙofa ko gidan wa za ka shiga, nuni da babban yatsa ba da manuni ba, in kana son a ƙulle maka abinci ka ce tapau. Shi ya fara kai ni shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, inda aka kawo mini shinkafa dafaffa da madarar kwakwa da ƙarfe bakwai na safe, da wasu 'yan mitsi-mitsin kifi soyayyu a gefe. Na ce, "Nasiru, a garinmu irin waɗannan mayar da su ruwa ake yi su girma." Ya ce, "Malam, nan ko ƙwan kifi ka bari wani zai ci. Ci kawai lah." Wannan lah ɗin mutanen can ke liƙa wa ƙarshen magana, shi ma ya ɗauka. Ranar Juma'a mu hau jirgin ƙasa zuwa Masjid India, mu yi salla, mu zaga rumfunan yadi ba tare da mun sayi komai ba. In kwaɗayin naman akuya ya taso, sai unguwar Brickfields. Ruwan sama kuwa ba ruwansa da damina ko rani, kusan kullum bayan la'asar sai ya sauko.

Malamar da ke duba aikina wata farfesa ce 'yar ƙasar, gajeruwa, ba ta ɗaga murya. Ta zayyana mini aikin filla-filla. Duk wata in je bakin teku, inda masunta ke sauke kamu, in samo siakap talatin, in farke tumbinsu, in rubuta abin da ke ciki. Wata goma sha biyu a jere, don a ga ko cimarsa tana sauyawa da sauyin iska. Ta ce, "Na daji nake so, wanda ya nemi abincinsa da kansa." Na ce na gane.

Zuwana na farko bakin teku shi ya karya ni. Awa biyu a bas, sannan wani masunci ya ɗauke ni a jirginsa don in ga inda kifin ke zama, cikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Jama'a, ni da aka haifa a bakin kogi, na iya tuƙa kwalekwale kafin in iya karatu, amma teku wani abu ne daban. Kwara gaba take tafiya, wannan kuwa sama da ƙasa yake yi. Na yi amai har sai da na ga kore. Bayan wannan wahala duka, siakap biyu kacal aka sauke a wurin ranar, su ma wani mai gidan abinci ya riga ni.

Da na dawo jiki ba ƙwari, Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan masunci da amai a jirgi! Wallahi sai na ba da labari a Yawuri. Kai Malam, me ya kai ka? Je ka kasuwar Chow Kit, siakap ga shi nan tuli, kamar tumatir a Kwanar Gafan."

Da safe na je, na tarar gaskiyarsa. Na tsaya gaban teburin wata dattijuwa mai fara'a, wadda kowa ke kira Makcik, kamar dai mu ce Gwaggo. Kifinta jere a kan ƙanƙara, kusan duk girmansu ɗaya, azurfa sak, da rankwafaffen goshi da faffaɗan baki irin na giwan ruwa. Na riga na haddace kalma ɗaya, laut, wato teku. Na nuna kifin da babban yatsa na ce, "Laut?"

Ta ce, "Laut, laut!"

Ku tsaya in yi muku bayani a nan, don a nan na mutu. A wurinmu kifi iri biyu ne. Akwai na kogi, akwai na kiwo. Na kiwo a kwamin siminti yake a bayan gida, tarwaɗa ce ana watsa mata abincin buhu. Wannan nake koyarwa shekara da shekaru. In mutum ya ce maka kifi daga kogi yake, ya gama gaya maka cewa ba wanda ya ciyar da shi. Da wannan kan na je, na ɗauka teku ma haka yake.

Na sayi goma. Kafin in ciro jaka Makcik ta zare wuƙa, fat-fat-fat, ta farke su, ta watsa kayan cikin a bokiti, ta miƙo mini tsoka tana murmushi. Na yi ihu na durƙusa na cusa hannu a bokitin. 'Yan kasuwa suka taru suna kallon baƙin mutum da ya bar kifi yana wawar hanji. Da ƙyar, da guntun Turancinta da nawa, ta gane tumbin nake so. Daga ranar sunana a layin nan ya koma Perut, wato Tumbi. In na doso sai ka ji ana, "Makcik, ga Tumbinki nan ya zo."

Haka na yi wata goma sha biyu. In kai kifi ɗakin gwaje-gwaje, in auna tsawo da nauyi, in cire tumbi, tsokar kuma in kai gida. Mun ci siakap da miyar kuka, mun ci shi da taliya, mun yi farfesu, har Nasiru ya rantse in ya koma Kano ko ƙamshin kifi ba zai sake shaƙa ba.

Yawancin tumbunan wayam na same su, ban damu ba, don littattafai sun ce kifi mai farauta yakan yini bai ci ba. Waɗanda ke da abinci su suka ɗaga mini kai. Littattafan sun ce siakap kwanton ɓauna yake yi a cikin saiwoyi, ƙarami ya ci jatan lande, babba ya ci kifi, kuma ba ya tauna: baki yake wangalewa ya zuƙo abin da ruwan gaba ɗaya. Ni kuwa ban ga jatan lande ko ɗaya ba. Gunduwa-gunduwar kifi nake gani, kowace kamar babban yatsa, nan kai, nan wutsiya. Da na bi ƙayoyinsu da ɓawonsu a madubin ƙara girma, sai na ga irin kifayen can tsakiyar teku ne, inda aka ce siakap ba ya zuwa. Abincin buhu kuwa, wanda da na gan shi da na farga nan take, babu ko ƙwaya. Kaina ya kumbura. Na ce Ɗanladi, ka gano abin da Turawa ba su gano ba.

Na kira Baba ina zumuɗi. "Baba, na gishirin ba kamar namu ba ne. Shi gutsurawa yake yi, gunduwa-gunduwa."

Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Anya, Ɗanladi? Bakin da ka nuna mini a hoto ba bakin gutsura ba ne. Da wane haƙori? Sake dubawa dai."

Na ce, "Baba, wannan fa teku ne, ba Kwara ba. Kuma da na'ura muke dubawa." Haka na faɗa wa mahaifina. Ya ce to, Allah ya taimaka, ya miƙa wa ƙanwata wayar.

Za ku ce ina farfesa take duk wannan lokaci? Ta tafi hutun bincike wata ƙasa na wata tara. Jadawalin sunaye da lambobi nake aika mata, ba hotuna ba. Ta yi mamakin sunayen, ta rubuto tana tambaya ko na tabbata na teku ne, na ce na tabbata. Ban ce mata a kasuwa nake saye ba, saboda kunyar a ce ɗan masunci ya gudu daga ruwa. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Asiri ya tonu ne a gidan biki. Da ƙaramar Salla mutanen can buɗe ƙofa suke yi, kowa ya shigo ya ci, ba sai ka san mai gida ba. Makcik ta gayyace ni, na ja Nasiru don ya fi ni jin yarensu. Aka zaunar da mu a tabarma kusa da yayanta, wani baƙin tsoho mai kaushin hannu, wanda aka ce shi ke aiko mata da kifi. Ina jin haka na ciro waya, na shiga nuna masa hotunan abin da na samu a tumbi, ina baza ilimi. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙura ido. Sai ya fashe da dariya, ya kira matarsa ta gani, ita ma ta kama baki.

Na ce, "Nasiru, me yake cewa?"

Nasiru bai yi dariya ba, karo na farko tun da na san shi. Ya ce, "Malam, wai wannan yankan matarsa ne. Wai ita ce ke karkata wuƙa haka."

Na karɓi wayar na duba. Gefen gunduwar a miƙe yake sumul, kamar yadda mahauci ke yanka tsoka. Sau ɗari nawa na ɗora irinta a ƙarƙashin madubi, ina ƙirga ƙaya, ban taɓa kallon gefen ba.

Na juya wurin Makcik na ce, "Amma kin ce mini laut."

Ta ce, "Laut ne mana, Perut. Kejin da ake kiwonsa a cikin teku yake lah. Da ka tambaye ni na keji ne ko na daji, ai da na gaya maka." Ta ga fuskata, ta ajiye farantin da ke hannunta. "Na yi maka wani laifi ne?"

Na ce a'a. Kuma ba ta yi ba.

Bayan kwana uku tsohon ya kai ni in gani da idona. Katakai ne a kan durom-durom suna yawo a ruwan gishiri, an rataya raga a ƙarƙashi, kowace raga cike da siakap. Manyan jiragen kamun kifi na tsakiyar teku su ke kawo musu tarkacen kifin da ba mai saye. Matarsa na zaune a kan kututture tana datsa su, tana karkata wuƙa. Ya ɗebi kwano guda ya watsa, ruwa ya tafasa da bakuna. Ya ƙara da cewa in za su kai kasuwa sukan hana kifin abinci kwana ɗaya ko biyu don kada ya yi saurin lalacewa, sai dai wani lokaci oda kan zo da gaggawa. Ga bayanin tumbunan wayam, ga bayanin masu abinci. Aikin wata goma sha biyu, mutumin da bai gama firamare ba ya warware shi kafin sigarinsa ya ƙare. Ranar ko amai ban yi ba.

Farfesa ta dawo, na je na faɗa mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta ce, "Ɗanladi, abin da ka auna shi ne abin da wata mata ke yankawa. Ba zan iya sa hannu a kansa ba." Sauran wata biyar gare ni, aikin kuma na wata goma sha biyu ne. Ta rubuta takarda da hannunta tana roƙa mini ƙarin shekara. Amsa ta zo daga gida layi biyu: ba ƙari, in dawo bakin aiki ranar da aka sa.

Duk da haka na koma bakin teku. Digiri ya riga ya tafi, na sani, amma na ce ko tambayar Baba in amsa. Na yi sati uku tare da wani mai fatsa, kullum ina kwance a cikin jirgi ina amai, shi yana jefa ƙugiya a gindin saiwoyi. Iskar damina ta taso, ruwa ya yi ja, kifi ya ɓuya. Siakap uku muka kama. Sun fi na keji duhun baya, sun fi su faɗa. Na farke na farko, wayam. Mai fatsa ya ce haka suke, in suka ji ƙugiya sukan amayar da abin da suka ci. Na biyu ma wayam. Na uku na ji tauri a tumbinsa, na tsaga. Jatan lande ne guda, cikakke, ko gashin bakinsa bai karye ba. Na fara hamdala ke nan sai na ga huda a bayansa. Wanda muka soka a ƙugiya ne da hannunmu.

Nasiru ya raka ni filin jirgi, bai yi tsokana ko ɗaya ba a hanya. Makcik ta aiko mini da ƙullin 'yan ƙananan kifin nan busassu, wai in kai wa mahaifina. A kwaleji an mayar da ni ajin da na bari, takardar tuhuma na nan a fayil, waɗanda na koyar suna wuce ni. Wannan duk na iya haɗiye shi.

Sai da na yi kwana biyu a Yawuri ina kewaye-kewaye kafin na zauna gaban Baba. Yana kan tabarma a zaure, ƙafafu miƙe, yana gyaran wata tsohuwar raga da ba zai sake jefawa ba. Bai tambaye ni takarda ba, bai san ma me ake yi da ita ba. Na ba shi labarin kasuwa da keji da matar mai karkata wuƙa, ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya dai gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗaurin ragarsa.

Can ya ɗago ya ce, "To, wannan na keji ke nan, abin da aka ba shi yake ci. Shi na dajin fa, wanda ba mai ba shi? Me yake ci?"

Na buɗe baki in karanto masa abin da ke cikin littattafai, jatan lande da ƙananan kifi. Amma ba abin da ya aike ni ke nan ba. Cewa ya yi in leƙo.

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya dube ni, ya dubi ragar. Ya ce, "Shekara biyu."

Na ce, "Shekara biyu, Baba."

Ya ce, "To. Miƙo mini zaren can."

Na miƙa masa. Bai sake tambayata ba har yau.